Ƙwan Lantarki Mai Tsimin Wuta: Lissafinsa da Zaibar da ke Cikinsa

Laccar da aka gabatar a taron jama'a a garin Matameye, jihar Damagaram

 

An nemi in yi bayani kan ƙwan lantarki mai tsimin wuta, farin nan mai murɗaɗɗen gilashi da muke gani a ɗakunanmu da shagunanmu da masallatanmu. Wataƙila wani ya ce ƙwan fitila bai kai a tara jama'a a kansa ba. Ni ina ganin ya kai, domin wutar da yake sha ba a bayan garin nan ake yin ta ba. Babban kason wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a yankin Damagaram da Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ta babban layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasarmu daga can muke sayo ta. Da aka katse ta a watan Agusta na 2023 saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, kowa a ɗakin nan ya san yadda muka kwana, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta. Ku ƙara da cewa a Nijar, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a gidansa. Abin da ya yi ƙaranci haka, kuma ake biyan kuɗinsa duk wata, ya cancanci a san inda yake zurarewa.

Tsohon ƙwai mai zare, wanda ake dangantawa da Thomas Edison tun 1879, aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Wuta tana bi ta siririn zaren ƙarfe, zaren ya yi zafi har ya yi ja, daga ja ya koma fari, sai ya haskaka. Aibinsa shi ne wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zafi take zama. Duk wanda ya taɓa kai hannu zai kwance shi yana kunne ya ji wannan a yatsunsa. Ƙaramin murhu ne rataye a tsakiyar ɗaki. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mai gida yana biyan kuɗin ƙwan da ke ƙara dumama ɗaki, kuma yana biyan kuɗin fankar da ke korar zafin.

Mai tsimin wuta ta wata hanya yake bi. A cikin gilashinsa akwai iskar gas da ɗan tururin zaiba. Idan wuta ta ratsa, sai tururin ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita kuma ta juya shi zuwa hasken da muke gani. Farin gindin nan mai kauri, wanda gilashin ke zaune a kansa, akwai ƴan ƙananan na'urori a ciki masu tayar da shi da daidaita masa wuta. Wani injiniya a Amurka, Edward Hammer, shi ya murɗe gilashin haka a 1976 don dogon bututu ya shiga gurbin ƙaramin ƙwai, kamfanin Philips kuma ya fara fitar da ƙwai mai tsimi kasuwa a 1980.

Yanzu mu yi lissafi, kuma ina roƙon ɗalibai su rubuta. Tsohon ƙwai mai wat 60 da mai tsimi mai wat 15 haskensu kusan ɗaya ne. Mu ɗauki gida mai ƙwai 5: ɗakin mai gida, ɗakin uwargida, tsakar gida, zaure da ƙofar gida. A ce kowanne yana kunne awa 6 a dare. Da tsohon ƙwai, mita za ta ƙirga kilowat-awa 54 a wata. Da mai tsimi, 13 da rabi. Ɗakunan nan dai su ne, hasken ma shi ne, amma kashi uku cikin huɗu na kuɗin fitila ya zauna a aljihu. Kowa ya je gida ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa, ya dubi farashin kilowat-awa ɗaya, ya ninka da 40, zai ga abin da nake faɗa da kuɗin sefa. Sannan tsohon ƙwai awa 1,000 aka yi shi ya yi, mai tsimi na kirki kuwa daga awa 6,000 zuwa sama. Mu ce 8,000. Kafin guda ɗaya ya mutu ka sayi tsohon sau 8, kuma bambancin wutar da suka sha ya kai kilowat-awa 360 a gurbi ɗaya tak.

Abin da ke hana mutane yin wannan lissafi na san shi, kuma ba na raina shi. Mai gidan da ya shiga kasuwa da kuɗin cefane a hannu, kuɗin yau yake gani. Kuɗin wuta sai ƙarshen wata, kuma a dunƙule yake zuwa, ba ya nuna maka nawa fitila ta ci, nawa fanka, nawa firji. A gidajen haya ma abin ya fi wuya, inda ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya ana raba kuɗi daidai: wanda ya sayi ƙwai mai tsada ya yi wa maƙwabcinsa tsimi ne. Irin wannan gida sai an zauna an yi shawara kowa ya canza tare. Su kuwa ƴan uwanmu na ƙauyukan Kance da layin NIGELEC bai kai ba, masu amfani da sola da batir, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Batirin da ke mutuwa bayan isha'i, in an rage masa nauyi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, zai raka yara har su gama bitar karatunsu.

In gida ɗaya ya yi wannan, riba tasa ce. In ƙasa ta yi, abin ya zama wani abu dabam. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Ghana ta shiga matsin wuta. Gwamnatinsu ta sayo ƙwai mai tsimi miliyan 6 ta raba kyauta, tana karɓe tsofaffin. Buƙatar wuta a lokacin da ta fi yawa, wato da magariba, ta sauka da megawat 124. Tashar sola ta Goru Banda kusa da Yamai, wadda aka fara amfani da ita a 2023, megawat 30 ce. Ke nan canjin ƙwai kaɗai ya samar wa Ghana abin da ya fi ninki huɗu na wannan tasha, ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba. Kuma da magariba ɗin ne mu ma wutarmu ke yin ƙasa, lokacin da kowa ya kunna tasa.

Na san akwai masu cewa sun gwada, ƙwan bai yi wata uku ba ya mutu. Gaskiya suka faɗa, kuma dalilan sanannu ne. Na'urorin gindinsa ba sa son wutar da ke hawa da sauka, ba sa son zafi, shi ya sa wanda aka kulle cikin rufaffen gidan fitila ke saurin ƙonewa. Ba ya son kunna-kashe. A bayan gida ko wurin da ake shiga a fito nan da nan, rayuwarsa gajera ce. Yakan ɗauki ɗan lokaci kafin haskensa ya cika, kada a ce ya lalace. Ƙurar hunturu ma tana rufe shi ta cinye haske, sai a kashe, a bari ya huce, a goge da busasshen tsumma. Amma babban dalili shi ne jabu. Za ka ga kwali an rubuta wat 40 ko 85 da manyan baƙaƙe, ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka kunna ka ga haskensa bai kai na rabin abin da aka rubuta ba. Araha ba ta ado. A kan kwali ku nemi adadin lumen, shi ne ma'aunin haske. Wat ma'aunin abin da ƙwan ke sha ne kawai. Lumen 800 ya ishi matsakaicin ɗaki. Kuma kada ku bar shago sai an gwada muku shi.

Sai maganar da ta fi damuna, zaiba. Kowane ƙwai mai tsimi yana ɗauke da ƴan miligiram kaɗan, abin da bai fi kan tsinin alƙalami ba. Muddin gilashin bai fashe ba, babu abin tsoro. Amma zaiba guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da ɗan da ke ciki illa. Ba ta ruɓewa. Ku duba inda mataccen ƙwai ke ƙarewa a garin nan. Ana jefa shi a juji, yara su tsince shi su fasa don su ji ƙararsa, su shafa farar hodar a hannu. Kafin damina amalanke ta kwashe jujin ta kai gona a matsayin taki. Wani kuma yana zuwa garka, inda ruwa ke kusa da sama, inda muke noman rake da kayan miya. Ƙwai ɗaya ba kome ba ne, amma na gari guda, shekara bayan shekara, taruwa yake yi a ƙasar da muke ci daga gare ta.

Iyayenmu mata, wannan taku ce, don ku ne a gida lokacin da abin ke faruwa. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a kashe fanka, a buɗe ƙofa da taga, a bar ɗakin kamar minti 15. Kada a sa tsintsiya, tana watsa hodar. A kwashe gilashin da kwali mai kauri, a bi wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka har tsumman a kwalba mai murfi, a rufe, a wanke hannu da sabulu. Wanda ya mutu bai fashe ba, a mayar da shi cikin kwalinsa a ajiye inda hannun yaro ba ya kai.

Duniya ta riga ta yanke hukunci kan wannan ƙwai. Akwai yarjejeniyar Minamata ta 2013, mai ɗauke da sunan garin Japan inda zaibar wata masana'anta ta gurɓata teku ta nakasa dubban mutane, cutar da aka gano a 1956. Nijar tana cikinta, Najeriya ma haka. A taron Bali na Maris 2022 aka amince a daina ƙera irin wannan ƙwai na gida da shigo da shi daga ƙarshen 2025, kuma ƙasashen Afirka ne suka kai wannan buƙata. Sun kai ta ne domin an samu abin da ya fi shi. Ƙwan LED ba shi da zaiba, yana kamawa nan take, kunna-kashe ba ya damunsa, kuma wat 9 nasa na ba da hasken tsohon mai wat 60. Gidan nan namu mai ƙwai 5 zai sauko zuwa wajen kilowat-awa 8 a wata. Masanan Japan uku da aikinsu ya buɗe hanyarsa sun karɓi kyautar Nobel a 2014.

Ra'ayina ke nan a fili. Duk mai tsohon ƙwai mai zare ya cire shi yau. Mai murɗaɗɗen ƙwai da ke aiki ya bar shi ya ƙarasa kwanansa, fasa shi ko jefar da shi da ransa ba riba. In ya mutu, a maye gurbinsa da LED na kirki, don a cikin LED ma jabu ya yi yawa, kuma ƙa'idar lumen da gwaji a shago tana nan.

Ƴan kasuwarmu masu sarin kaya daga Kano da Daura ta Ɗan Barto, idan masana'antu suka daina ƙera wani kaya, ragowarsa kasuwannin da ba a bincike yake nufa, da farashi mai jan rai. Ina roƙonku kada ku ɗauko mana shi. Ga ofishin magajin gari kuma ina da roƙo ɗaya wanda ba ya cin kuɗi mai yawa: a ajiye ganga mai murfi a kasuwa da wata a ofishin, a sanar ta rediyo da masallatai cewa nan ake kawo mataccen ƙwai, a ajiye su a rufe a busasshen wuri, nesa da rijiya. Ku kuma ɗalibai, yau da dare ku zagaya gida ku ƙirga ƙwayayen da ke kunne, ku karanta wat ɗin kowanne, ku yi lissafin wata guda ku kai wa mahaifanku.