Ciwon Daji na Nono: A Cire Ɗaya ko a Cire Biyu?

Yau za mu yi magana a kan abin da mata ke jin kunyar faɗa, watau ciwon daji na nono. Maza, kada ku ce ba ruwanku. Matanmu ne, da iyayenmu, da 'ya'yanmu.

Wannan ciwo ba a ƙasar Gumel kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an same shi a jikin mata wajen miliyan 2 da dubu 300.

Yakan fara da ɗan ƙullutu a cikin nono. Sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Wani lokaci kan nono ya shige ciki, ko ya riƙa fid da jini, ko kaluluwa ta fito a hammata. Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Likita ne zai ɗebi ɗan tsoka a auna, sa'an nan a sani.

Mun sha jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta kashe mata da yawa. Ba wuƙar likita ke kisa ba, jinkiri ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In an zo da wuri, akan iya yanke ƙullutun kaɗai, a bi da gashi da na'ura. In ya girma, sai a cire nonon duka. To, wata mace saboda tsoro takan ce, "Likita, cire duka biyun, in huta." Tana da ikon ta roƙa, jikinta ne. Amma lalle ta san abu uku.

Na ɗaya, ga yawancin mata, cire nono mai lafiya ba ya ƙara tsawon rai. Haɗarin yana ga ciwon da ya riga ya fito.

Na biyu, ko an cire biyun, ana iya bukatar allurai da ƙwayoyi, domin daji yana bin jini da hanyoyin kaluluwa.

Na uku, akwai masu gadon ciwon. Su cire biyun yakan amfane su ƙwarai. A 2013 wata 'yar wasan fim ta Amurka, Angelina Jolie, ta sa aka cire nata biyu tun ba ta kamu ba, don awo ya nuna ta gaji haɗarin. Saboda haka in uwarki ko 'yar'uwarki ta yi ciwon, ki gaya wa likita.

Daga Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, a fara da Babban Asibitin Gumel. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa Dutse, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika ta Zariya.

Maigida, in sanka ya yi ɗingishi ba ka jira sai Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, kafin ka duba shi. To, matarka ta fi sa. Ka raka ta, kada ka guje ta don an yi mata aiki. Mai nono ɗaya tana iya haihuwa, har ta shayar, in likita ya yarda.

Akwai takardar da ake sa hannu kafin a yi aiki. Ga amfanin karatunmu: ki karanta da kanki, ki yi tambaya, sa'an nan ki sa hannu. Allah ya ba mu lafiya, amin.