Shaho Ya Komo Dutsen Maryland

Kimanin kilomita 100 daga birnin Washington, inda kogin Potomac ya haɗu da na Shenandoah a garin Harpers Ferry, akwai wani dutse mai suna Maryland Heights, wanda masu yawon shan iska ke sha'awar hawa. A nan ne, cikin shekarar 2021, wani ɗan shaho ya yi fiffike har ya tashi, abin da aka yi kusan shekara 70 ba a gani ba a wurin.

Shi irin wannan shaho, in ya sako kai zai yi sura, gudunsa yakan wuce kilomita 300 cikin awa guda. Amma maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwansa ya yi rauni, yana fashewa a ƙarƙashin uwa, har irinsa ya ƙare a gabashin Amurka. Sai da aka hana amfani da maganin a 1972, aka kuma yi ta kiwon 'ya'yan ana saki, sa'an nan suka farfaɗo.

Saura haɗarin mutane. Shaho ba ya saƙa sheƙa, a kan tsurar dutse uwa take kwanci. In mahaya suka ɓullo mata ta sama, sai ta firgita ta tashi, ƙwai ya yi sanyi, ko kuwa 'ya'yan su faɗo tun ba su ƙosa ba.

Saboda haka hukumar gandun dajin ƙasar ta riƙa rufe sassan dutsen daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Yuli. Dutsen yana nan yana jiran mahaya, amma kwancin shaho sau ɗaya ne a shekara.