Damina da Na'urorin Sadarwa na Kan Rufi



An nemi in yi magana a kan abin da wani zai ce aikin masu hawa tsani ne, bai kamata ya shigo zauren jami'a ba, wato yadda za a kare na'urorin sadarwa da ake kafawa a waje, su da wayoyinsu, daga ɓarnar ruwa. To, amma duk wanda ya ɗaga kai a birnin Katsina, tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, zai ga fararen akwatuna da eriyoyi maƙale a bisa turaku da rufin gidaje. Tun daga 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya muke ɗora wa waɗannan abubuwa kaya, har ya kai rajistar ɗalibi, da albashin ma'aikaci, da jarrabawar JAMB wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta, duk sun rataya a kansu. Ranar da aka ce "babu sabis", yaron da ya taso daga Ɓatagarawa ko Kaita da kuɗin mota na rance shi ne zai koma gida hannu rabbana.

Mu mutanen ƙasar fari ne. Ruwan da Katsina ke samu a shekara bai shige kimanin milimita 600 ba, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Saboda haka wanda ya kafa na'ura a watan Janairu, sama tas babu ko gajimare, da wuya ruwa ya faɗo masa a rai. Nan ne kuskuren yake, domin kuwa ɓarnar da muke gani a watan Agusta tun da rani ake shirya ta. Hunturu ya busar da roba, ƙura ta shiga kowace kafa ta kwanta. Bazara ta zo da zafin da ke kai digiri 40, rana ta gasa fatar waya har ta tsage. Ran da hadari ya taso daga gabas da iskarsa, ya tarar an riga an buɗe masa ƙofofi. Ƙurar nan da ta kwanta kuwa, da ta sha laima sai ta zama taɓo, ta riƙe danshi a jikin ƙarfe kwana da kwanaki.

Kafin mu je ga littattafan injiniyoyi, bari mu tambayi maginanmu, domin sun riga mu yin wannan jarrabawa. Da ƙasa suka yi gini, ƙasa kuwa babu abin da take tsoro kamar ruwa, amma ga hasumiyar Gobarau nan tsaye bayan ɗaruruwan shekaru, ana bin ta da gyara. Sun yi yaɓe da makuba wadda ake samu daga ɗorawa, sun haɗa laso da katsin marina domin shafe rufin soro. Amma babbar hikimarsu ita ce indararo. Magini bai taɓa cewa zai hana ruwa sauka a kan soro ba. Hanya yake ba shi, ya miƙa masa baki ya zuba can nesa da bango. Sa'an nan kowace shekara, kafin ruwan fari, maigida ya hau ya duba. A ganina duk ilmin da zan faɗa yau bai wuce fassarar wannan ba.

Ku ɗauki wayar da ke saukowa daga eriya ta shiga ofis. Ruwa yana bin jikinta kamar yadda yake bin guga, in kuwa ta miƙe kai tsaye cikin ramin da aka huda a bango, to an yi masa jagora har kan teburin akawu. Maganin bai kai kuɗin goro ba. A bar wayar ta sauko ƙasa da ramin kamar taƙi guda, ta lanƙwasa, sa'an nan ta hau ta shiga. Ruwa ba ya hawa tudu, sai ya ɗige a gindin lanƙwasar. Ramin ma a huda shi da gangare zuwa waje. Haka kuma kowace mashigar waya a jikin akwati ta fuskanci ƙasa, kada ta dubi sama, kada ta dubi gabas.

Ita kanta wayar iri-iri ce. Wadda aka yi domin cikin ɗaki, mai fata toka-toka ko shuɗiya, ba ta jure rana. Ta waje baƙa ce, an gauraya robarta da sinadarin da ke tare hasken rana, wadda za a binne kuma akan cika cikinta da wani mai kauri domin kada ruwa ya sami wurin tafiya. In fata ta tsage, ruwa yakan shiga tsakanin silayen nan takwas ya yi ta gangarawa a ɓoye, sai a ga na'urar da ke cikin ɗaki ta lalace alhali rufi bai yi yoyo ba. Ga kuma wata waya mai araha da ta cika kasuwa, alminiyam ne a ciki aka shafe da jan ƙarfe. Tana ganin laima take fara rubewa. Kuma mu tuna yawancin na'urorin nan ta cikin wannan wayar suke samun wutarsu, bolt 24 ko 48. Inda ruwa da wuta suka haɗu a bakin mahaɗi, ƙarfen yakan ci kansa cikin hanzari ya bar wani koren gari. Wanda ya zare waya ya ga wannan koren, ya san abin da ya faru ba sai an gaya masa ba.

Mahaɗin da ke waje sai an naɗe shi. Akwai tef na roba mai narkewa cikin junansa, shi ake fara sawa, a bi shi da baƙin tef na lantarki domin ya kare shi daga rana. A fara naɗi daga ƙasa a yi sama, yadda kowane zagaye zai hau kan na ƙasansa, kamar yadda ake baibayar ɗaki. Wanda ya faro daga sama ya yi wa ruwa matakala. A kuma guji gam ɗin nan na silikon mai warin tsami, domin tsaminsa yana cin jan ƙarfe.

Yanzu ga wurin da masu ilmi ma kan yi tuntuɓe. Mutum ya ɗauki akwati ya toshe shi ruf, ya ce ya gama da ruwa. Bayan damina ya buɗe ya tarar da ruwa kwance a ciki, ya rasa ta inda ya bi. Abin da ke faruwa shi ne akwati yana numfashi. Rana ta dafa shi, iskar ciki ta kumbura ta fita ta 'yar kafar da ido ba ya gani. Ruwan sama ya sauko ya sanyaya shi farat ɗaya, iskar ta tsuke, akwatin ya zuƙo laima, wani lokaci har da ruwan da ke kwance a bakin murfi. Da dare laimar ta zama raɓa a jikin bangon ciki, kamar zufar da kwalbar ruwan sanyi ke yi. Shiga tana da hanya, fita babu. Don haka akwatin kirki yake zuwa da mashaƙar iska mai tare ruwa, in babu ita kuwa a yi masa 'yar huda a gindi, a rufe ta da raga saboda zanzaro da tururuwa. Wannan ma indararo ne.

Bututun da aka binne a ƙasa kuwa a ɗauka cewa zai cika da ruwa, ko ba daɗe ko ba jima, don haka kada a yi haɗin waya a cikinsa. Akwatin da ke kusa da ƙasa a ɗaga shi. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da gidaje, ta isa ta nuna mana abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a wannan ƙasa da muke kira busasshiya. Zancen tsawa da binne sandar jan ƙarfe domin ta kai ta ƙasa babi ne mai zaman kansa, ba zan shiga ba yau.

Saura ku, ma'aikata, waɗanda fayil zai bi ta hannunku. Akwai lambar da ake bugawa a jikin na'ura, haruffan IP da alƙaluma biyu. Na farko na ƙura ne, 6 kuwa na nufin ƙura ba ta shiga sam, abin da ya kamata Bakatsine ya fara dubawa ke nan. Na biyu na ruwa ne: 5 na jure feshi, 6 feshi mai ƙarfi, 7 kuwa nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. In takardar kwangila ta ce kawai "a kafa intanet", ɗan kwangila ba shi da laifi in ya kawo mafi araha. A rubuta lambar, a rubuta irin wayar, kada kuma a sa hannu a takardar kammala aiki sai wani ya hau ya gani da idonsa. Na lura muna da saurin ware kuɗin sayen sabo, amma kuɗin dubawa shi ake fara sokewa in kasafi ya matse, ga shi kuwa bai taka kara ya karya ba: tsani, da tef, da ladan mutum ɗaya na yini biyu. A sa shi a watan Mayu, kafin ruwan shuka, a sake wani a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, a buɗe kowane akwati a shanya, a sauya robar murfin da ta bushe.

Malam Shugaba, na ga an miƙo mini takarda, a nan zan dakata domin masu tambaya.