Ruwa Nawa Aka Yi Jiya A Daura? Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

Shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu ɗalibai da aka ba izinin zama a bayan ɗakin nan, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani a kan 'yar tashar auna yanayi da na kafa a gidana, yadda ake kafa irinta da yadda ake ba ta wuta. Na samu labarin cewa wasu 'yan ajinmu na faɗin wai tsufa ne ya fara taɓa ni, shi ya sa nake fita da sassafe ina leƙen kwalba. To, yau zan ba su amsa a gaban malamanmu.

In aka kwana ana ruwa, aka tambayi mutumin Daura ruwa nawa aka yi, amsarsa ba ta wuce "an sha ruwa" ko "an ɗan taɓa". Manomi ya fi mu, domin shi zai tona ƙasa ya ga inda danshi ya tsaya. Amma ko shi ba zai iya faɗa maka ko ruwan bana ya kai na shekara biyar da suka wuce ba. Alƙaluman da muka fi ji daga Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa a 2003, na Katsina ne da Kano. Tsakaninmu da Katsina kuwa akwai wajen kilomita 80. Kowa a nan ya san hadari kan haɗo ya juye a Sandamu, mutanen Mai'adua su yi ta kallon walƙiya har gari ya waye ba su ga ɗigo ba. Masana sun tabbatar da wannan a Jamhuriyar Nijar daga 1990, lokacin da suka baza ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, suka tarar ƙauyuka biyu maƙwabta kan ƙare damina da bambancin ruwa mai yawan gaske. Ke nan lissafin Katsina ba zai gaya wa mutumin Baure ko na Zango ranar da ya kamata ya zuba irinsa ba.

Iri kuwa shi ne abin da ke cikin haɗari. Ƙasarmu jigawa ce, ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce wajen milimita 600 ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka ya ɗauke. Ruwan farko yakan yaudari mutane. A yi shuka, gero ya tsiro, sai sama ta kame kwana goma sha biyar, tsiron ya ƙone, a koma kasuwa neman iri a lokacin da ya fi tsada. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba su buƙatar in yi musu dogon bayani. Wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da wata ƙa'ida a 1988. Ya ce a ɗauka damina ta kama in bayan 1 ga Mayu an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana talatin da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba. Rabin ƙa'idar nan sai bayan an yi ake saninsa, gaskiya ne. Amma rabin farko, wato milimita 20 ɗin, kowa na iya aunawa a tsakar gidansa. A ƙasar Mali tun 1982 hukumar yanayinsu ta fara raba wa manoma ma'aunin ruwa tare da jadawalin lokacin shuka, su auna da kansu su yanke shawara.

Kafin wani malami ya ɗaga hannu, bari in riga shi. Awo ba duba ba ne. Allah ne ke saukar da ruwa inda ya so, lokacin da ya so. Mu abin da ya riga ya saukar muke ƙirgawa, kamar yadda mai gona ke ƙirga dammunansa da kaka.

Mene ne milimita ɗaya ta ruwa? Ita ce lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. A kan kadada ɗaya lita 10,000 ke nan. Saboda haka in na ce an yi milimita 20, ina nufin kowace kadada ta sha lita 200,000. Ma'aunin da Turawan Ingila suka bar mana mazurari ne mai faɗin baki inci 5, wato milimita 127, da kwalba a ƙarƙashinsa, ana dasa shi bakinsa na santimita 30 daga ƙasa. Maƙerin farin ƙarfe zai iya yi maka shi, muddin ya daidaita bakin. Da irin wannan faɗi, duk mililita 12.7 da ka samu a kwalba milimita ɗaya ce ta ruwan sama, kuma babban sirinji na kemis ya isa ka auna. Amfanin mazurarin da kwalba mai ƙaramin baki shi ne hana rana shanye ruwan kafin ka zo.

Inda za a dasa shi ya fi shi kansa ma'aunin wuya, musamman a gidajenmu na cikin gari masu katanga da darbejiya a tsakar gida. Ƙa'ida ita ce ya yi nesa da duk wani abu mai tsawo da aƙalla ninki biyu na tsawon abin, in da hali ninki huɗu. Katanga mai mita 3 tana buƙatar tazarar mita 6. Ruwanmu da iska yake zuwa, yawanci daga gabas, don haka katangar gabas ta fi kowace cuta. Kan soro ma ba wuri ba ne mai kyau, domin iska na kwashe ɗigon ta wuce da shi. Wanda gidansa ya matse, gara ya kai shi garka ko gona, ya kewaye shi da waya saboda awaki da yara.

Malamanmu na labarin ƙasa za su tuna da farin akwatin nan mai ƙafafu huɗu da tagogin katako, wanda ake ajiye ma'aunin zafi a ciki. Wani injiniya ɗan Sikotlan, Thomas Stevenson, ya ƙirƙiro shi a 1864. Hikimarsa ita ce iska ta ratsa, rana kada ta taɓa ma'aunin, kuma ya kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Wanda ya rataye ma'auninsa a ƙarƙashin kwano zafin kwanon yake aunawa. Littattafan da muka karanta sun ce ƙofar akwatin ta kalli arewa, amma don Turai aka rubuta su. Daura na kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta arewa da mu da tsakar rana. Saboda haka namu akwatin ƙofa biyu yake so, kudu da arewa, a riƙa buɗe wadda ke cikin inuwa.

Yanzu kuma akwai tashoshin zamani da ake sayarwa a kwali, irin su Davis da Ecowitt. Kashi biyu ne. Na waje ana ɗaure shi a kan turken ƙarfe, yana auna ruwa, zafi, danshin iska, ƙarfinta da inda ta fito, yana aika wa na cikin ɗaki ba tare da waya ba. Ma'aunin ruwansa wani ɗan cokali ne da ke tuntsurewa duk lokacin da ya cika, yawanci a kan milimita 0.2, na'urar ta ƙirga sau nawa ya tuntsure. Awon iska na hukuma a kan mita 10 ake yinsa, don haka naka na kan turke mai mita 3 kada ka gwada shi da na filin jirgin sama.

To, sai maganar wuta, wadda ita ce ke kashe yawancin waɗannan tashoshi a ƙasarmu. Kashin waje ba shi da ci. Yana da ɗan farantin sola a jikinsa da ƙananan batura na ko-ta-kwana, sai dai a sa masa na litiyam, domin batir na gama-gari kan yi yoyo a zafin bazara ya cinye ƙarfen da yake zaune a kai. Kashin cikin ɗaki shi ne matsalar. Duk mun san da zarar hadari ya taso ake ɗauke wuta, wato daidai lokacin da aka sayi na'urar dominsa. Janareta kuma ba wanda zai tayar da ƙarfe uku na dare don ɗan allo. Shawarata ita ce a raba tashar da wutar gida gaba ɗaya, a yi mata nata farantin da nata batirin, wanda ba za a jona masa fanka ko cajin waya ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi wuyar kiyayewa, kuma da iyali ake sasanta shi, ba da mai gyaran sola ba.

Lissafin ba shi da wuya, kuma malamin lissafinmu na zaune, in na kauce ya gyara mini. Ka duba wat nawa na'urar ke ci, ka ninka da awa 24. A ce allon cikin ɗaki na cin wat 1, a yini yana buƙatar 24. Batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin na cikin UPS ɗin kwamfuta, yana ɗauke da 84, amma batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 42 ke nan, abin da zai kusa kwana biyu ba rana. Faranti mai wat 10 ya ishe shi, tun da a nan muna samun wajen awa biyar na cikakkiyar rana. Amma da zarar ka ce sai ka ga awonka a waya kana Kaduna, ka ƙara na'urar intanet mai cin kamar wat 5, buƙatar ta tashi zuwa 144. Sai faranti mai wat 50 da batir mai amfiya 50. Wato intanet ɗin ya ninka cin tashar kanta sau biyar. Ni dai a ganina mai farawa ya haƙura da shi tukuna.

Tsakanin faranti da batir dole a sa na'urar daidaita caji, wadda masu sola ke kira kwantirola, in ba haka ba rana za ta dafa batirin. Ba a buƙatar inbata, domin ita kanta tana shan wuta ko ba ta aikin komai. Ɗan abin cajin waya na mota, mai mayar da bolt 12 zuwa 5, ya wadatar. Farantin ya kalli kudu, a karkata shi kamar digiri 15 don ruwa ya riƙa wanke shi. Batirin kuwa a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma, mu kuma a Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Turken ƙarfen a ɗaura masa wayar jan ƙarfe mai kauri zuwa sandar da aka kafe a ƙasa saboda aradu.

Hunturu na da nasa sharrin. Ƙura kan rufe faranti cikin 'yan kwanaki, hazo kuma ya rage ƙarfin rana, don haka sai an riƙa gogewa da tsumma mai laushi duk mako. Ƙurar nan dai ita ke toshe mazurari ta zama taɓo da ruwan farko. Zanzaro na son gina ɗakinsa a cikin cokalin nan mai tuntsurewa, gizo-gizo na ɗaure shi da saƙa, ƙadangare na kwana a ciki. In ba a buɗe an share a watan Mayu ba, na'urar za ta rubuta sifili a daren da gari ya cika da ruwa, kuma ba za ta gaya maka ta yi ƙarya ba. Wannan ya sa har yau ban cire mazurarin maƙeri ba. Yana nan kusa da na zamanin, ba ya cin wuta, kuma in suka saɓa shi nake gaskatawa.

Awon sai a lokaci guda kullum, misali ƙarfe bakwai na safe, a rubuta a littafi mai bango mai ƙarfi da biro. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, ranar da ba a duba ba a ja layi. Waɗannan biyu ba ɗaya ba ne, kuma rikita su na ɓata lissafin shekara sukutum. Rubutun damina ɗaya labari ne na hira a zaure, amma in ya kai shekara goma ba giɓi, malamin gona zai zo har gida ya roƙa, haka ma injiniyan da zai gina kwalbati.

Ranka ya daɗe shugaba, ga roƙona ga ƙungiya. Akwai wani shiri mai suna TAHMO, wanda malaman jami'ar Delft ta Holan da ta jihar Oregon a Amurka suka assasa, da burin kafa tashoshi 20,000 a Afirka, kuma yawancinsu a makarantu suke ajiye su don ɗalibai su koya, su kuma tsare kayan. Sakatarenmu ya rubuta musu. Amma kada mu zauna jiran amsa. Cikin kuɗin da muke tarawa na gyaran azuzuwa a ware kaɗan a kafa tasha ɗaya a filin makaranta, da sola da batirinta, a damƙa ta ga malamin labarin ƙasa da ɗalibai biyu a kowane zango, a kuma ɗora wa mai gadi awon lokacin dogon hutu tare da ɗan ihsani, tun da hutun a tsakiyar marka yake faɗowa. Sannan ina neman mutum biyar a cikinmu, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, wato Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, wanda zai karɓi mazurari da littafi. Ni na ɗauki nauyin kuɗin maƙeri. Alƙaluman biyar ɗin a buga su a shafi guda na wannan mujalla kowace shekara, a aika wa ofishin gona kwafi. Mai so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi sallar azahar, domin ina son a dasa su kafin ƙarshen Afrilu.