Fadar Masu Ƙididdiga



Wanda ya bi ta gonakin ban ruwa na Jiratawa da safe zai ga malamin gona da ɗan littafi a hannu, yana rubuta buhu nawa aka samu, damin zogale nawa aka yanka. Ina waɗannan lambobi suke ƙarewa? Da yawansu a cikin akwati, ƙura ta rufe su.

Akwai manhajar kwamfuta ta nazarin irin waɗannan lambobi mai suna R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a jami'ar Okland. Kyauta ce, ko dala ba a biya. Abin da ya ba ta ƙarfi kuwa shi ne haɗuwar masu aiki da ita. Tun 2004 aka fara babban taronsu a birnin Biyana, kuma a garuruwa da dama suna zama ƙungiya-ƙungiya, kowa ya kawo abin da ya gagare shi, a warware tare.

To mu da muka gaji fada, wato zaman hira ana shan shayi, mene ne ya hana mu? Muna da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da masu binciken noma na INRAN a Tarna, da ma'aikatan hukumar ƙididdiga ta INS na jihar Maraɗi. Wallahi ina jin zafin ganin kowa na fama shi kaɗai.

Tabarma, butar shayi da kwamfuta biyu sun isa. A fara da farashin hatsi na kasuwar Tibiri, kafin 18 ga Nuwamba, ranar ƙididdiga ta Afirka.