Ido Da Mudu: Saita Faffaɗan Gilashi A Kyamarar Fim



Abin da ya tara mu a yau shi ne wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu ɗaukar hoto da kyamarar fim tuwo a ƙwarya, watau yadda ake saita faffaɗan gilashi da hannu har hoto ya fita tar. Da yake fim ya yi wuya a zamanin nan, kuma ƙunshi ɗaya hoto 36 kacal yake ɗauka, kowane kuskure hasara ce wadda ba a ganewa sai bayan an wanke.

Mu kanmu mun ɗanɗana wannan hasara. Mun taɓa zuwa Aliero a lokacin kakar albasa, muka ƙarar da fim guda a ƙarƙashin rumfuna, muka komo muna murna. Da aka wanke sai ga tulin buhunan da ke can nesa sun fita sarai, amma fuskokin manoman da muka je dominsu sun yi dishi-dishi. Laifin namu ne, don mun gaskata abin da ido ya nuna mana.

Ga dalili. Gilashi mai milimita 50 yana ganin abu kusan yadda idon mutum ke ganinsa. Mai milimita 28 kuwa yana kwaso fili mai faɗin kimanin digiri 75 daga kusurwa zuwa kusurwa, ya cusa shi a cikin ɗan fallen fim guda, saboda haka kome sai ya ƙanƙance. In mutum ya leƙa tagar kyamara irin su Pentax K1000, wadda aka fara sayarwa a 1976, sai ya ga kome kamar ya zauna daidai ko da saitin ya kauce. Sai an faɗaɗa hoton a takarda asiri ke tonuwa.

To, mene ne magani? A jikin tsofaffin gilasai akwai zobe mai lambobin nisa, wanda ya ƙare da wata alama mai kama da takwas a kwance, ma'anarta nisa marar iyaka. Akwai kuma lambobin ƙofar haske, irin su 2.8 da 8 da 11. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙofa. Ƙa'idar ita ce, in ƙofa ta ƙanƙance, tazarar da abubuwa ke fita tar a cikinta sai ta ƙaru. An maimaita waɗannan lambobi hagu da dama kusa da zoben nisa domin su nuna farkon tazarar da ƙarshenta.

Alal misali, mu ɗauka muna kasuwar Jega da hantsi, rana ta take. Sai mu sa ƙofar gilashin 28 a kan 8, mu juya zobe har takwas ɗin nan ta kwance ta daidaita da lamba 8 ta gefe. Saitin zai faɗa wajen mita 3 da 'yan kai, kuma duk abin da ke tsakanin kimanin mita 1.6 da ƙarshen gani zai fita, tun daga mai awo da ke gabanmu har zuwa motocin da ke lodi can baya. Da gilashin 35 muka ɗaura, da tazarar ta fara daga mita 2 da rabi. Da 50 ne, sai daga mita 5. Kun ga ke nan faffaɗan gilashi ya fi kowane yafiya, muddin lambobinsa aka bi.

Amma kada mu ɗauka wannan dabara ta raba mu da wahala a ko'ina. In muka shiga zaure a Maiyama gab da magariba, tilas mu buɗe ƙofa zuwa 2.8. A nan in muka saita a mita 2, abin da zai fita bai wuce daga mita 1.6 zuwa 2.5 ba. Irin wannan ne ya same mu a inuwar rumfunan Aliero. A irin wannan hali sai a nemi ɗan da'irar da ke tsakiyar taga, wanda ke raba abu gida biyu, a ɗora shi a kan miƙaƙƙen abu kamar bakin hula ko sanda, a juya zobe har ɓangarorin su haɗu. Daga nan a duba lambar da zobe ya nuna, a gwama ta da nisan da hankali ya ƙiyasta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mu horar da shi da taku, mu san taku nawa ne mita 2 da mita 3.

Akwai kuma batun ladabi. Faffaɗan gilashi ba ya jawo na nesa, dole mai shi ya matsa kusa. Wanda ya gama saiti tun kafin ya iso ba zai tsaya yana murɗe-murɗe a gaban dattijo ba. Zai yi sallama, ya nemi izini, ya ɗauka, ya yi godiya. A kuma kiyaye sa fuskar mutum a gefen hoto, domin gilashin yakan ja ta ta karkace.

Tun da kamfanin Konica ya fito da kyamara mai saita kanta a 1977, Minolta kuma ya biyo da tasa a 1985, wannan ilimi ya yi ta ja da baya. Duk da haka bukatarsa ba ta kau ba ga wanda ya riƙi tsohuwar kyamara. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, an kafa jami'a a Aliero a 2006, kuma garuruwan nan suna sauya kama a gaban idonmu. Fadamun Gulbin Zamfara, da rumfunan kara, da masu ɗorin Aliero, duk sun cancanci hoton da jikokinmu za su gane fuskokin da ke ciki.

Saboda haka muna roƙon kowa, kafin ya sayi fim na gaba, ya ɗauki kyamararsa ba fim, ya zaɓi abu goma a harabar makaranta, ya ƙiyasta nisansu, sannan ya duba abin da zobe ya ce.

Allah ya sa mu dace.