Jawabin Malamin Gona: Haɗa Bututun Roba na Ban-ruwa

Bututu mai yoyo asarar ruwa ne da man inji. To, ga yadda za ku haɗa biyu da kanku.

Ku yanka da zarto mai ƙananan haƙora, ku goge bakin da magagari. Sai ku gasa bakin guda bisa garwashi kuna jujjuyawa. Kada harshen wuta ya taɓa shi, domin wanda ya ƙone tsagewa yake yi. In ya yi laushi, ku zura ɗayan ciki kamar tsawon yatsa. Bayan ya huce, ku zare, ku shafa gam, ku mayar.

In lanƙwasawa za ku yi, ku fara ɗura busasshen yashi, ku toshe bakunan, kada ya lotse.

Allah ya ba da sa'a.